Tutar Zanzibar da kanumfarin da aka cire mata

Jirgin fito daga Darussalam zuwa Unguja, babban tsibirin Zanzibar, yakan ci kamar awa biyu in teku ta kwanta. Na sauka kaina na juyawa, ina jan jaka, sai na ga an ware mu baƙi layi guda ana karɓar fasfo. Na ce wa jami'in da ke zaune bakin tebur ai daga Darussalam nake, ƙasa ɗaya ce, tun a filin jirgin sama aka buga mini hatimi. Ya yi murmushi, bai janye hannunsa ba. Na miƙa masa. Da na ɗaga kai sai ga tuta biyu kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya na san ta, ta Tanzaniya ce: kore da shuɗi, baƙin layi ya ratsa su a karkace, an yi masa baki da ruwan ɗorawa. Ɗayar kuwa ban taɓa lura da ita ba sai ranar. Layi uku ne a kwance, shuɗi a sama, baƙi a tsakiya, kore a ƙasa, sannan a kusurwar sama ta wajen sanda an ɗora 'yar ƙaramar tutar Tanzaniya, kamar yadda tela ke ɗora wa riga aljihu.

Da na dawo gida na kai wa baffana tsarabar kanumfari ƙulli guda, wanda na saya a kasuwar Darajani. Dattijo ne da ya ƙare rayuwarsa a kan buzu, yana karantar da fiƙihu da tarihin jihadi. Ya kwance ƙullin, ya ɗauki ƙwara ɗaya ya murza tsakanin yatsu ya shinshina, ya ce wannan da mansa, bai sha zaman shago ba. Na nuna masa hoton tutocin biyu a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ɗana, wa ya ba su tutar? Kuma da aka ba su, me aka haɗa musu da shi?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai su suka yi abinsu, majalisarsu ta amince."

Ya girgiza kai. A wajensa tuta ba a ɗinka ta don ado. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama tuta, ya ba Buba Yero, ya ba Malam Yakubu na Bauchi da Malam Musa na Zazzau da Ummarun Dallaje, ƙyallen shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka damƙa musu. Mai tuta shi zai naɗa hakimansa da alƙalansa, shi zai tattara haraji, shi zai tsare iyakarsa, sannan ya riƙa aika gaisuwa Sakkwato yana jin maganar Sarkin Musulmi. An ba shi iko na gaske, an kuma ɗora masa nauyin yi wa kowa adalci a ƙarƙashin wannan ƙyalle. Tambayar baffana ta bi ni watanni, kuma da ita nake auna tutar Zanzibar. Ra'ayina shi ne Zanzibar ta cancanci tutarta, kuma Tanzaniya ta yi hankali da ta bar ta ta ɗaga. Amma akwai bashi biyu a kan wannan tuta da ba a biya ba. Ɗaya yana wuyan gwamnatin haɗaka ta Tanzaniya, ɗayan yana wuyan masu mulkin Zanzibar kansu, kuma na biyun ya fi nauyi.

Kafin wannan tuta akwai wata ja zur, babu zane babu rubutu. Ita ce tutar sarakunan Oman, ta zo tare da Sayyid Sa'id bin Sultan, wanda ya maida fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen shekarar 1840. Bayan rasuwarsa a 1856 'ya'yansa suka raba gado, ɗaya ya riƙe Oman ɗaya ya riƙe Zanzibar, Turawan Ingila suka tabbatar da rabon a 1861. Jar tutar ta yi nisa ƙwarai. Ayarin fatake sun shiga da ita cikin nahiya har bakin tafkin Tanganyika, kuma ta ci gaba da kaɗawa a kan ganuwar Mombasa har 1963, domin zirin gaɓar Kenya mai faɗin mil goma a takarda na Sarkin Zanzibar ne. Da Birtaniya ta sa tsibiran ƙarƙashin kariyarta a 1890 ba ta sauke jar tutar ba. Ta bar sarki a kan karaga, ta ajiye wakilinta a gefe, wanda daga baya ya zama Razdan. Mu 'yan Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu. Ranar da wani ɗan sarki, Khalid bin Barghash, ya hau gado ba da izininsu ba, a watan Agusta 1896, jiragen yaƙinsu suka yi wa fadar ruwan wuta da safiyar 27 ga wata. Cikin ƙasa da awa ɗaya aka gama, an kashe ko an raunata mutanensa kusan 500, tutar da ke kan fada ta faɗi. A ranar aka naɗa wanda suke so, aka sake ɗaga jar tutar kamar ba abin da ya faru. Ga misali na farko na tuta da aka zare wa iko.

Dole in tsaya a nan in faɗi abin da jar tutar take nufi ga mafi yawan mutanen tsibiran, don in ban faɗa ba na yi ha'inci. A ƙarƙashinta aka yi babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka, har aka rufe ta a 1873 zamanin Sarki Barghash, kuma bauta ba ta faɗi a doka ba sai 1897. A ƙarƙashinta aka sare daji aka dasa kanumfari, bayin da aka kwaso daga nahiya suka yi ta hawa bishiya suna tsinka, har Unguja da Pemba, tsibirin Zanzibar na biyu, suka zama su ke ba duniya mafi yawan kanumfarin da take ci. Na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da cocin Mkunazini, wanda aka gina a filin tsohuwar kasuwar. Rufin ya yi ƙasa har sai ka sunkuya, tagar kuwa tsaga ce da ƙyar iska ke shiga. A waje an haƙa rami an tsayar da mutum-mutumi biyar da sarƙa a wuya. Duk wanda ya tsaya bakin wannan rami ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba, ko da ba zai yarda da shi ba.

Ranar 10 ga Disamba 1963 Zanzibar ta sami 'yancin kai a matsayin masarauta mai tsarin mulki, Sarki Jamshid bin Abdullah a kan karaga, Muhammad Shamte firaminista. Aka yi wa jar tutar kwaskwarima: aka sa koren da'ira a tsakiya, a cikinta ƙwarar kanumfari biyu ruwan zinariya. Kwana shida bayan haka Zanzibar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya da kujerarta. Wannan tuta kwana 33 kacal ta yi. Tun daga tushe an gina ta a kan rauni, domin a zaɓen Yuli 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi ta Abeid Amani Karume ta sami kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujera 13 daga cikin 31, saboda yadda aka yanka mazaɓu, ƙawancen jam'iyyun da ke tare da fada kuwa ya kwashe 18. Mutanen da suka fi yawa suka ga an ba su 'yanci da hannun dama an karɓe da hagu. Daren 12 ga Janairu 1964 wasu ɗaruruwan mutane ƙarƙashin John Okello, ɗan asalin Yuganda, suka fasa ma'ajiyar makaman 'yan sanda, kafin rana ta faɗi sarki ya tsere ta teku. Aka ɗaga tuta mai baƙi da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ranar 29 ga wannan wata aka sake ta da mai shuɗi da baƙi da kore, da siririn farin layi ta wajen sanda, wato launukan jam'iyyar Afro-Shirazi. Cikin kwana 50 an sauya tuta sau uku. Ranar 26 ga Afrilu kuma Karume, wanda ya zama shugaban Zanzibar, da Julius Nyerere, shugaban Tanganyika, wato ɓangaren nahiya, suka haɗe ƙasashen biyu, aka ɗauki shuɗin Zanzibar aka haɗa da kore da baƙi da ruwan ɗorawan Tanganyika, aka sami tutar Tanzaniya ta yau.

Daga nan shekara arba'in Zanzibar tana da shugaban ƙasarta, da majalisar ministocinta, daga baya har da majalisar wakilai da tsarin mulkinta na 1984, amma ba ta da tutar da doka ta ce ta tsibiran ce. Sai ranar 9 ga Janairu 2005, zamanin Amani Abeid Karume, ɗan wancan Karume, aka ɗaga wadda na gani a bakin tashar jirgin ruwa.

Akwai masu jin tsoron irin wannan tuta, kuma na san inda tsoronsu ya samo asali. Ɗan Najeriya da ya ji labarin yaƙin basasa daga bakin iyayensa, in ya ga wani yanki ya ɗaga tuta tasa, gabansa faɗuwa yake yi. Amma in muka dubi tarihin nahiyar nan da idon basira, sau da yawa sauke tuta ne ke haifar da fitina. Eritiriya ta shiga tarayya da Habasha a 1952 da tutarta da majalisarta. A ƙarshen shekarun 1950 aka sauke tutar, a 1962 Sarki Haile Selassie ya rushe tarayyar gaba ɗaya, aka shekara talatin ana zubar da jini har Eritiriya ta ɓalle. Maƙwabciyarmu Kamaru ta sa tauraro biyu a tutarta a 1961 don nuna ɓangare biyu da suka haɗu, masu Faransanci da masu Ingilishi. A 1972 aka soke tarayyar, a 1975 aka maida tauraron ɗaya. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke Bamenda, a yankin masu Ingilishi, sun fi ni sanin rikicin da yankin yake ciki tun 2016. Tanzaniya kuwa, wadda ta bar ƙaramin abokin zamanta da shugabansa da tambarinsa da takensa, ta haura shekara sittin a haɗe, alhali haɗakar Senegal da Gambiya shekara bakwai ta yi ta watse. Ban ga hujjar da za a ce wannan 'yar tuta barazana ce ba, ballantana ma tana ɗauke da tutar haɗakar a kafaɗarta.

To sai tambayar baffana ta biyu: me aka haɗa musu da shi?

Yarjejeniyar 1964 ta lissafa abubuwa 11 da za su zama na haɗaka, irin su tsaro, 'yan sanda, harkokin waje, shige da fice, da zama ɗan ƙasa. Duk abin da ba ya cikin jerin na Zanzibar ne. Amma jerin ya yi ta tsawo shekara bayan shekara, kuɗi ya shiga, man fetur da iskar gas suka shiga, ilimi mai zurfi ya shiga, har ya kai 22. Ƙasa mai mutum miliyan 61 da ɗoriya a ƙidayar 2022, wadda Zanzibar ba ta kai miliyan biyu a cikinta ba, in ta ce za ta ƙara abu a jeri, wa zai hana ta? Wanda ya gwada hanawa ya gani. Aboud Jumbe, shugaban Zanzibar na biyu, ya fara shirya hujjar cewa yarjejeniyar gwamnati uku take nufi: ta Tanganyika, ta Zanzibar, da ta haɗaka. A Janairu 1984 aka kira shi taron jam'iyya a Dodoma, babban birnin Tanzaniya, ya shiga yana shugaban Zanzibar kuma mataimakin shugaban Tanzaniya, ya fito ba shi da ko ɗaya. Aka ce wai yanayin siyasa ne ya gurɓace. A farkon shekarun 1990 Zanzibar, inda kusan kowa Musulmi ne, ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a 1993 aka tilasta mata fita, don harkokin waje na haɗaka ne. A 2008 Firaminista Mizengo Pinda ya faɗa a majalisa cewa Zanzibar ba ƙasa ba ce, tsibiran suka ɗauki zafi, har a gyaran tsarin mulkinsu na 2010 suka rubuta ƙarara cewa Zanzibar ɗaya ce daga ƙasashe biyu da suka haɗu suka yi Tanzaniya.

Ko a filin ƙwallo abin ya bi su. A Maris 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta karɓi Zanzibar a matsayin mamba ta 55, gari ya ɗauki murna. Wata huɗu bayan haka aka soke, aka ce ƙasa ɗaya ba ta da kujera biyu. Murna ta koma ciki. A Disambar wannan shekara yaran suka je gasar gabashin Afirka a Kenya, suka doke 'yan wasan ɓangaren nahiya, suka kai wasan ƙarshe, sai a bugun fenariti Kenya ta karɓe kofin. Wanda ya san Sikotilan da Wales suna buga gasar duniya da tutocinsu, tsibiran Faro ma haka, zai fahimci abin da ke cin ran saurayin Unguja.

Akwai wasu tsibirai a arewacin Turai da ake kira Åland, mutanensu kamar dubu talatin, suna magana da harshen Suwidin amma suna ƙarƙashin Finlan tun hukuncin da tsohuwar majalisar ƙasashen duniya ta yanke a 1921. Finlan ta taɓa haramta musu tutar da suka ƙirƙira, sannan ta dawo ta amince musu da wata a 1954. Abin da ya burge ni game da su shi ne abin da ke bayan ƙyallen. Ba a taɓa dokar cin gashin kansu sai majalisarsu ta yarda. Lokacin da Finlan za ta shiga Tarayyar Turai, sai da mutanen Åland suka kaɗa tasu ƙuri'ar daban a 1994. Irin wannan makulli ne Zanzibar take buƙata: jerin abubuwan haɗaka ya zama a rufe, kada a ƙara ko ɗaya sai da yardar mutanen tsibiran a fili. Kwamitin sake tsarin mulkin Tanzaniya, ƙarƙashin Mai shari'a Joseph Warioba, ya zaga ƙasar, ya kawo daftari a 2013 mai gwamnati uku, ya rage abubuwan haɗaka zuwa bakwai. Majalisar tsara tsarin mulki ta 2014 ta yi watsi da wannan ɓangare, daga baya maganar duka ta bi ruwa. Ina ganin an yi asarar dama babba, har ga mutanen nahiya. Su ma suna da nasu ƙorafi, kuma gaskiya ne: Tanganyika ce ta rasa suna da gwamnati da tuta baki ɗaya, Zanzibar tana da kujeru a majalisar Dodoma fiye da rabon da yawan jama'arta zai ba ta, kuma mace 'yar Zanzibar, Samia Suluhu Hassan, ta zama shugabar ƙasar duka a 2021. Gwamnati uku da ta share hawayen kowa.

Bashi na biyu shi ne ya fi damuna, don shi babu wani na waje da za a nuna wa yatsa.

Launukan tutar 2005 na jam'iyyar da ta yi nasara a 1964 ne. Gwamnatin har yau sunanta Gwamnatin Juyin Juya Hali ta Zanzibar, kowace 12 ga Janairu ana faretin murna, ana ɗaga murya da taken juyin juya hali har abada. Ba na raina abin da juyin ya kawo. An raba wa talakawa gonaki eka uku-uku, an buɗe makarantu kyauta ga 'ya'yan waɗanda kakanninsu suka zo da sarƙa a wuya, an gina dogayen gidaje a unguwar Michenzani. Jikan bawa ya zama minista. Wannan abin a yi biki ne. Amma a cikin kwanakin nan na Janairu an kashe dubban mutane, Larabawa da Indiyawa da waɗanda aka zarga da bin fada. Da yawansu ba masu gonaki ba ne, ƙananan 'yan tireda ne a ƙauyuka, talakawa irin waɗanda suka kashe su. An ci zarafin mata, an cusa iyalai cikin kwale-kwale an tura su teku. Galibi Musulmi ne suka yi wa Musulmi, sau da yawa maƙwabcin da ake haɗa sahu da shi. Na ga doguwar hasumiyar tunawa da juyin a Michenzani, na ga ramin tunawa da bayi a Mkunazini, amma duk yawon da na yi a garin ban ga ko allo ɗaya da aka rubuta don waɗannan matattu ba. Sarki Jamshid ya yi fiye da shekara hamsin yana gudun hijira a Ingila, ya koma Oman a 2020, ya rasu a can a ƙarshen 2024 bai sake ganin garinsu ba. Shi dai sarki ne, an san sunansa. Mai tiredan ƙauye fa?

Raunin bai tsaya a 1964 ba, ya koma tsakanin tsibiran biyu. Pemba, wadda ba ta ba Afro-Shirazi rinjaye ba a zaɓukan kafin 'yanci, ta daɗe tana jin ana yi mata kallon kishiya. Tun da aka dawo da jam'iyyu da yawa, kusan kowane zaɓe a Zanzibar da rigima yake ƙarewa. A Janairu 2001 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga, aka kashe fiye da mutum talatin, mafi yawa a Pemba, kusan dubu biyu suka tsallaka Kenya gudun hijira. A 2015 shugaban hukumar zaɓe ya soke zaɓen baki ɗaya ana cikin ƙirga, 'yan adawa ƙarƙashin Maalim Seif Sharif Hamad, ɗan Pemba, suka ƙaurace wa wanda aka sake. Sai a 2010 aka fara samun ɗan Pemba a kujerar shugaban Zanzibar, Ali Mohamed Shein. In uwar da ta rasa ɗanta a 2001 ta ɗaga kai ta ga tutar da aka ɗaga shekara huɗu bayan haka, da launukan jam'iyyar da ta haɗu da ta Nyerere a 1977 ta zama mai mulki har yau, me za ta gani? Mai tuta a wajen Shehu, in ya zalunci wani ɓangare na talakawansa, ya ci amanar tutar, ko da ƙyallen yana nan sabo fil.

Shi ya sa nake komawa ga ƙwarar nan biyu da aka cire. Na san za a ce ai kanumfari a tutar sarki yake, kuma shi ne amfanin gonar da aka bautar da mutane dominsa. Haka ne. Amma a duk tsibiran ban ga wani abu da hannun kowa ya taɓa kamarsa ba. Balarabe ya kawo iri ya dasa, bawan da aka kwaso daga nahiya ya hau ya tsinka, Ba'indiye ya ba da bashi ya yi awo ya loda wa jirgi. Bayan guguwar 1872 ta kakkarya bishiyoyin Unguja, Pemba ce ta ɗauki nauyin noman, kuma har yau daga can mafi yawansa ke fitowa. Lokacin tsinka za ka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar kowane gida da gefen hanya, ƙwarar ta fara da kore mai ɗan jaja, kwana huɗu ko biyar a rana ta koma baƙi-baƙi, ƙamshi ya cika gari. Sunansa ma ɗaya ne a bakinmu duka: Balarabe ya ce ƙaranful, Baswahile ya ce karafuu, mu muka ce kanumfari, muna zuba shi a shayi da kunu da yaji da zoɓo, mai ciwon haƙori ya danna shi a kogo. Kuma ba a ce haramun ne a tambari ba. Dubi tambarin Tanzaniya: ƙarƙashin garkuwa, wajen ƙafar namijin da ke riƙe da hauren giwa, reshen kanumfari ne, wajen ƙafar macen kuwa auduga. In haɗakar ta ga ya dace ya tsaya wa Zanzibar, me zai hana Zanzibar ta maida shi kan tutarta, a tsakiyar baƙin layin nan, ba tare da an taɓa shuɗi ko kore ba? Jikan bawa zai ga gumin kakansa, manomin Pemba zai ga abincinsa, wanda aka kori iyayensa zuwa Maskat ko Mombasa zai ga cewa ba a goge shi gaba ɗaya ba.

Ba na yaudarar kaina cewa zane a kan ƙyalle zai warkar da abin da aka shekara sittin ana rufewa. Akwai abin da ya kamata ya riga shi. A kafa kwamiti ya saurari waɗanda suka ga Janairu 1964 da idonsu, daga kowane ɓangare, tun suna raye, domin ƙaraminsu yanzu ya ba sittin baya. A rubuta sunayen matattu, na 1964 da na 2001. A bar ƙuri'a ta yi aikinta. Mutanen tsibiran sun riga sun nuna za su iya: ranar 31 ga Yuli 2010, bayan Amani Karume da Maalim Seif sun zauna sun yi sulhu, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan gwamnatin haɗin kai, kashi biyu cikin uku suka ce sun yarda, kuma zaɓen wannan shekara ya wuce lafiya. Ta irin wannan hanya nake so a tambaye su game da tutar, ba a zauna a ofis a zana musu ba.

Kwanakin baya na koma gaida baffana. Ƙullin ya kusa ƙarewa, gwaggo tana tattala shi, ƙwara uku take jefawa a butar shayinsa na bayan la'asar. Na kwashe duk wannan labari na faɗa masa, daga jar tuta har zuwa ta yau. Bai katse ni ba sai da na zo kan mutanen da aka tura teku cikin kwale-kwale. Ya ajiye kofin, ya tambaye ni ko an yi musu salla. Na ce da yawansu a rami ɗaya aka zuba su. Ya yi shiru, sannan ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa da butar a hannunta, ya yi musu addu'a su da bayin Mkunazini gaba ɗaya.